Sikelin Kawu da Ƙarafan da Ba Sa Isa Ƙasa

Faransa,
9 ga Mayu, 2016.

Zuwa ga Kawuna Nehemiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya shago, yaya mutanen Unguwar Gabas? Ina fata kai da Hope kuna lafiya. Ni ma lafiya nake, sanyi ya fara sakina. In ka leƙa Samaru ka duba mini gwiwar Mama da idonka, don ita kullum cewa take yi da sauƙi.

Tunda kunnen nan naka ya ƙi, waya ta zama mana wahala. Ran Lahadi minti goma na yi ina ihu har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ji ko lafiya, kai kuma kana ta cewa, "Wa ke magana?" Saboda haka na bi shawarar 'yarka Hope. Zan riƙa rubutowa, Hope ta fitar maka a takarda, kai kuma ka rubuta da hannu ta ɗauki hoto ta turo mini.

An ce Mama tana gaya wa mutane wai gadin tauraro nake yi. Bari in yi maka bayani, kai ka gyara mata.

Tun da daɗewa masana sun lura cewa in ka saki dutse babba da ƙarami tare, tare za su isa ƙasa, muddin iska ba ta tare ɗaya ba. Ko da me aka yi abu, ƙarfe ko itace, ƙasa tana jansa ya faɗo da sauri iri ɗaya. A kan wannan magana aka gina kusan duk abin da muka sani game da jan ƙasa da tafiyar wata da taurari. Amma akwai masu lissafi da ke zaton in aka auna da kyau sosai, za a ga ɗan bambanci. In aka gani, littattafai da yawa sai an sake rubuta su. Matsalar ita ce a ƙasa faɗuwa ba ta daɗewa, kafin ka ƙifta ido abu ya bugi ƙasa. Shi ya sa aka kai gwajin sama.

Sati biyu ke nan da aka harba tauraron ɗan'adam ɗin da roka. A cikinsa akwai ƙarafa biyu kamar gwangwanin madara da aka cire wa murfi da gindi, ƙarami a cikin babba, ba sa taɓa juna. Ɗaya titaniyam ne, ƙarfe marar nauyi. Ɗayan filatinam, wanda ya fi darma nauyi nesa ba kusa ba. Tauraron yana kilomita ɗari bakwai a saman kanku, yana zagaye duniya cikin minti kusan ɗari. Zagayen nan faɗuwa ce, Kawu. Faɗowa yake yi, amma yana gudu gefe da saurin da kafin ya iso, ƙasa ta lanƙwasa ta kauce masa. Haka ƙarafan za su yi ta faɗuwa wata da watanni.

Lantarki ne ke riƙe kowane gwangwani a tsakiya. In ɗaya yana neman ya riga ɗan'uwansa, zai buƙaci ƙarin riƙo, na'ura ta rubuta. Lambobin nan ake turo mana. Aikina, a ƙarƙashin malamata Stephanie, shi ne in tace su a kwamfuta, a kai kuma zan rubuta littafin digirina.

A taƙaice dai sikeli ne, sai dai ba a ajiye shi a kan tebur. A shagonka na fara riƙe dutsen awo, don haka kai ya kamata ka fara ji.

'Yarka,
Susanna.

*

Sabon Gari, Zariya,
2 ga Yuni, 2016.

'Yata Susanna,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Muna lafiya. Na je Samaru na ga ƙanwata, gwiwar ta kumbura kaɗan amma ba ta hana ta zumuntar mata ba. Na yi mata bayanin aikinki yadda kika rubuta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ai gadin ne."

Maganar faɗuwar da ba a isa ƙasa ba ta zauna mini ba tukuna, amma na bar miki ita. Ɗayar kuwa na gwada. Kin san Julius mai kayan keke, maƙwabcin shagona a PZ. Na ba shi takardar ya karanta, ya ce ƙarya ne, kilo biyar sai ya riga kilo ɗaya ko a gaban alƙali. Sai na ɗauki duwatsun awona biyu na hau barandar benen bayanmu, shi ya tsaya a ƙasa, tunda shi ke da kunne. Na sake su tare. Na sauko na ce, "Ƙara nawa ka ji?" Ya ce, "Ɗaya." Na ce, "To?" Ya ce, "Benen ne bai yi tsawo ba." Na ce masa abin da Turawa suka ce ke nan, shi ya sa suka tafi sama. Mun fasa simintin bakin kwata, mai gidan bai ji daɗi ba.

Ga tambayata, ta mai gyaran sikeli. Shekara arba'in da biyu ina wannan aiki, daga na masu hatsi har na ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Kafin in yarda da sikeli mai faranti biyu, sai na ɗora masa duwatsu biyu da na san daidai suke. In allura ta karkata, na san shi ne maƙaryacin, ba kayan ba. Ku da sikelinku ke can sama inda hannu ba ya kai, in ya ce akwai bambanci, ta yaya za ku san ba shi ne ke ƙarya ba?

Labarin gida. Mutanen Gabriel sun zo gaisuwa, mun karɓa. Yaron yana da hankali, sai dai yawan dariya. An sa bikinsa da Hope bayan Kirsimetin baɗi, in ya gama bautar ƙasa. Na faɗa miki tun yanzu don kada ki ce tauraro ya hana ki. Ke za ki tsaya mata.

Ki riƙa cin abinci. A hoton da kika turo wuyanki ya yi tsawo.

Kawunki,
Nehemiah.

*

Faransa,
19 ga Maris, 2017.

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, da Hope, da Mama. Lafiyata ƙalau. Ka yi haƙuri, tun wasiƙar sabuwar shekara ban sake rubutowa ba, aiki ne ya sha kaina.

Har yanzu ina dariyar abin da Stephanie ta ce bara da na fassara mata tambayarka. Ka tuna na gaya maka akwai na'ura ta biyu a cikin tauraron, wadda ƙarafanta duka biyun filatinam ne, don a riƙa kama ƙaryar sikeli. Cewa ta yi, "Kawun naki ya zo ya karɓi kujerata."

Yanzu ga wata magana, amma tsakanina da kai ce kawai. Kada ka faɗa wa kowa, ko Mama.

Kawu, na ga wani abu. Akwai wani wuri a cikin lambobin inda bambancin zai fito in akwai shi. Sati uku da suka wuce na gama tace awon kwana takwas, sai ga ɗan tudu daidai wurin. Ƙarami ne ƙwarai, amma yana nan. Na sake lissafin sau shida, bai gushe ba. Na nuna wa Stephanie. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kada ki yi murna tukuna. Ki bi shi ta kowace hanya, in ya rayu zuwa Satumba ki gabatar wa kowa."

Na san ta faɗi gaskiya. Amma jiya a jirgin ƙasa na wuce tashata har biyu ban sani ba. In abin nan ya tabbata, shekaru ɗari huɗu ana neman sa, kuma 'yar mai tuyar ƙosai a Samaru ce ta fara ganinsa da idonta.

Ka yi mini addu'a, ka kuma rufe bakinka.

Susanna.

*

Sabon Gari,
10 ga Afrilu, 2017.

'Yata,

Salama. Muna lafiya, an fara hadari amma ruwa bai sauka ba. Mamanki ta samu sabon magani, yanzu tana hawa matakalar coci ba a riƙe ta.

Na ji labari, na durƙusa a cikin shago na gode wa Allah. Amma akwai abin da ya kamata ki ji daga wurina kafin ki ji a wani wuri.

Ban faɗa wa kowa ba sai Julius, shi ma don in rama maganar bene ne. Na ja shi gefe na raɗa masa. Abin da na manta shi ne, mutumin da ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba. Hope ta ce raɗar da na yi har masu gyaran agogo na tsallaken titi sun ji. Kafin Lahadi magana ta isa Samaru. Fasto ya kira mamanki gaban jama'a aka yi addu'ar godiya, wai 'yarmu ta gano abin da ya gagari Turawa. Ita ba ta san komai ba, ta dai yi kuka. Yanzu ba a ce mata mai ƙosai, sai Maman Farfesa.

Shekaranjiya kuma wani Dakta Abiodun, malamin kimiyya a jami'a wanda na daɗe ina gyara wa ma'aunai, ya zo shago da kansa. Ya yi mini tambayoyi, na ce ni dai tudu aka ce mini. Ya ce irin wannan magana ba a gaggawa da ita. Duk da haka ya roƙa in kin zo biki ki yi wa ɗalibansa jawabi. Na ce za ki yi.

Na san na yi laifi. Amma tunda gaskiya ce, ko yau ko gobe ai za a ji. Ki yafe wa tsoho.

Kawunki.

*

Sabon Gari,
16 ga Yuli, 2017.

Susanna,

Ina fata kina lafiya. Mu muna nan, masara ta kai ƙugu a gonar bayan Hanwa.

Kusan wata huɗu ke nan ba takardarki. Wannan ce ta uku da na rubuta. Hope ta ce kina buɗe saƙo, kina turo mata "ina lafiya" kawai. Mamanki ta ce in ta kira, minti biyu sai ki ce kina da aiki. Ta tambaye ni ko na san abin da ke damunki, na ce ban sani ba, alhali ina zaton na sani.

In fushi kike yi da ni, kina da gaskiya. Ki rubuto ki zage ni, zan karanta. Shirun ne ba na so. Ni da duniya ta riga ta yi mini shiru, takardunki ne muryar da ta rage ina ji sosai.

An kawo ankon biki. Hope ta ajiye miki yadi shida.

Nehemiah.

*

Faransa,
8 ga Agusta, 2017.

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya. Ba fushi nake yi da kai ba.

Abin da na ce na gani babu shi. Bai taɓa kasancewa ba. Kuskurena ne, ni kaɗai, ba na tauraro ba, ba na kowa ba.

Yau da safe na miƙa wa Stephanie takardata. Shi ke nan, na sauke. Ban san yadda zan dubi mutanen Samaru ba. Ka ce wa Dakta Abiodun ya yi haƙuri.

Yau ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

Susanna.

*

Sabon Gari,
11 ga Agusta, 2017.

'Yata Susanna,

Ubangiji ya riƙe ki. Muna lafiya. Ban gaya wa mamanki kin ajiye karatu ba, wannan karon bakina a rufe yake.

In kin dawo, gida gidanki ne. Na riga na yi magana da wata shugabar makarantar sakandare a nan Sabon Gari, ban faɗi suna ba, ta ce suna neman mai koyar da kimiyya. Amma kafin ki sayi tikiti, ki karanta wannan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko marigayiya matata. Na ce wa Hope ta ɗauki hoton ba tare da ta karanta ba, in kuma ta karanta, to ta karanta.

A 1984 akwai wani ƙaramin asibitin mishan a wani ƙauye bayan Shika. Nas ɗaya ce a wurin, Sista Modupe, haifaffiyar Sabon Gari. Suna da sikelin rataye na awon jarirai, irin mai ɗan wando da ake zura yaro a ciki. Duk wata ana auna yaro a rubuta a kati. Wanda nauyinsa ya yi ƙasa, a ba uwarsa garin madara da na waken soya, a riƙa bin sa gida. Shekarar ta zo da fari, ga ƙyanda.

Sikelin ya lalace aka kira ni. Na canja masa ƙarfen ciki mai naɗi da wani da na ciro daga wani sikelin. Ranar ban zo da duwatsuna ba, na ba wani aro. Na ga allura ta tsaya a sifili, na ce ya yi, na hau kekena. Ina sauri ne in kai gida kafin ruwa.

Bayan wata bakwai na koma da duwatsu. Na rataya kilo biyar, ya nuna biyar da rabi. Susanna, wata bakwai yana ƙara wa 'ya'yan mutane nauyin da ba su da shi. Ina tsaye da dutsen a hannu Sista ta shigo tana cewa shekarar nan ta ba ta mamaki, yara suna mutuwa alhali katinsu yana nuna suna kan hanya. Ta ce, "Malam Nehemiah, sikelin lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau, ɗan mai kawai yake so." Da ta fita na gyara shi, na tafi. Ban sake komawa ƙauyen ba.

Shekara talatin da uku ke nan. Duk wanda ya ce Nehemiah ba ya sakin sikeli sai ya gwada shi sau uku, bai san daga ina abin ya fito ba.

Ke kin ga naki ya yi ƙarya, kin buɗe baki kin ce ya yi ƙarya. Abin da na kasa ke nan. Mai irin wannan hali shi ake so a bakin ma'auni, ba shi ke ajiye aiki ba. In kunyar mutanen Samaru ce, ni na jawo ta, kuma ran Lahadi zan tashi a cocinsu in ce ni ne na yi magana kafin lokaci. Ki koma wurin malamarki ki karɓo takardar nan tun ba ta kai ta ofis ba.

Kawunki,
Nehemiah.

*

Faransa,
20 ga Agusta, 2017.

Kawuna,

Na gaishe ka. Ina lafiya, yau har na dafa tuwo da garin da ya rage mini.

Kawu, ban ajiye karatu ba! Takardar da na miƙa ba ta barin aiki ba ce. Rahoto ne, shafi goma sha ɗaya, na yadda na yi kuskuren. Da na sake karanta abin da na rubuto maka sai na ga ko ni ce haka zan fahimta. Ka ba shugabar makarantar haƙuri.

Ga abin da ya faru. Tauraron yana lulluɓe da wani bargo mai ƙyalli da ke kare shi daga zafin rana. Ana zaton shi ne ke yin 'yar ƙara ƙas-ƙas, kamar rufin kwano da tsakar rana, kowace ƙara kuma takan girgiza awon. Sai na riƙa yanke wuraren da suka girgiza, ina cike gurbin da wata dabara tawa. Dabarar ce ta haifi tudun. Da na bi da lambobin na'ura ta biyu ta cikinta, mai ƙarafa iri ɗaya, sai ga tudun nan daidai wurin. Tun a Maris ya kamata in yi wannan. Na sani sarai. Ban yi ba ne don ba na son in ga amsar.

Kuma kada ka ɗaga ni sama da yawa. A ƙarshen Mayu na gano, ban faɗa ba sai Agusta. Kullum in shiga ofis in gaida Stephanie, ta ce, "Yaya tudunmu?" in ce, "Ina kan dubawa." Ina tuna Mama a gaban coci, sai bakina ya yi nauyi. Har na fara tunanin in bar shi ya mutu a hankali, in ce da aka ƙara lambobi ya ɓace.

Ranar da na miƙa, ta karanta a gabana ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Yaushe kika gano?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kuskuren bai dame ni ba, kowa a ginin nan ya taɓa ganin tudunsa. Wata biyun ne ya dame ni. Da wani ya ɗauki dabararki ya yi aiki da ita fa?" Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ran na huɗu ta ajiye rahoton a teburina, duk ta bi shi da jan biro, ta ce in gyara dabarar, in nuna wa kowa a Satumba yadda ta ruɗe ni, shi ne zai zama babi na uku na littafina.

Na karanta labarinka a wani benci a bakin kogi, na daɗe ban tashi ba. Ba zan ce maka ba komai ba ne, ka fi ni sanin nauyin rabin kilo a jikin jariri. Wata biyu kawai na ɗauki nawa, na ji kamar zan mutu. Ban san yadda ka yi shekara talatin da uku ba. Har yanzu kai ne Kawuna. Tambaya ɗaya ce da ni: Sista Modupe tana da rai?

Zan zo biki. Ka ce wa Dakta Abiodun zan yi jawabin. Sakamakon farko na ƙungiyarmu zai fito kafin Kirsimeti. Ba zan gaya maka ba sai ya fito, ka san dalili.

'Yarka,
Susanna.

*

Sabon Gari,
28 ga Janairu, 2018.

'Yata,

Salamar Ubangiji. Mun ji kin sauka lafiya. Amarya tana gidanta a Samaru, takan biyo ta shago da yamma ta karɓi takarda. Gidan ya yi mini faɗi. Mamanki ta ce kin bar takalminki ɗaya a ƙarƙashin gado.

A jawabinki ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga fuskokin yaran. Gabriel ya rubuta mini abin da kika ce: ƙarafan biyu tare suke faɗuwa, ba a ga bambanci ba har zuwa kusan kashi ɗaya cikin lamba mai sifili goma sha huɗu, kuma ana ci gaba da awo. Ya ce rabin lokacin a kan kuskurenki kika yi shi, kuma nan ne suka fi yin tambaya. Julius dai har yanzu yana cewa, "Duk wannan tafiya, a dawo a ce babu?"

Kin tambaye ni wani abu a Agusta, kin sake tambaya a tasha, na yi kamar ban gane bakinki ba. Na gane. Tana da rai. Tana Hanwa wurin ɗanta, shekararta tamanin da shida. Tun Satumba na san gidan. Sau biyu ina zuwa bakin layin in juya.

Ran Talata da hantsi na shiga. Tana zaune a baranda tana tsince shinkafa. Ta gane ni kafin in faɗi suna. Na ce ba na ji, sai ta sa aka kawo biro, na ba ta littafin shagona. Na faɗa mata duka, da muryar nan tawa, ina jin duk layin sun ji. Ta ajiye tiren.

Ta rubuta, "Nawa yake ƙarawa?" Na ce rabin kilo a kan biyar. Ta rubuta, "Wata nawa?" Na ce bakwai. Ta rufe ido ta daɗe. Sannan ta rubuta sunaye uku, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ta rubuta cewa akwai wasu, waɗannan ne ta riƙe.

Ta rubuta, "Na tambaye ka ranar." Na ce haka ne. Ta rubuta, "Da ka faɗa mini, da na bi sauran gida-gida a ranar." Ta danna biron har ya huda takardar.

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ga abin da ta rubuta, ina kwafa miki daga littafin: "Ban sani ba ko sikelinka ne, ko ƙyanda, ko yunwa. Ba zan ce maka ba kai ba ne, don ban sani ba. Shekarun nan duk ina zaton idona ne ya kasa. Nawa na yafe. Na iyayen ba a hannuna yake ba."

Sai ta sa yatsa a kan suna na biyu, Jatau. Wata goma sha ɗaya ya yi a duniya. Ta rubuta cewa uwarsa tana nan a ƙauyen, sun haɗu a wata jana'iza bara. Na ce zan je. Ta rubuta, "Ba za ka gane gidan ba. Kuma in ta yi magana ba za ka ji ba. Zan raka ka."

Ran Alhamis za mu je, ɗanta zai kai mu tasha ƙarfe bakwai na safe. Ban san abin da matar za ta ce ba, ko ta kore mu, ko ta ce ba ta san zancen ba. Na sayi sabon littafi da biro biyu, don duk abin da ta faɗa Sista ta rubuta mini shi yadda yake, kada ta rage komai.

Ki sa mu a addu'a.

Kawunki,
Nehemiah.